Askiya da malaman Timbuktu: son ilimi ne ko sayen baki?

Bakatsine:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya kan gidan Askiya, kuma don Allah a amsa min da hujja. Duk inda aka ɗauko tarihin daular Songhai karatu ɗaya ake biya mana: Sunni Ali azzalumi ne, maƙiyin malamai, Askiya Muhammadu da ya hau mulki a 1493 adali ne, masoyin ilimi, ɗansa Askiya Dawuda kuma shi ya tara littattafai. To su wa suka rubuta mana wannan? Malaman Timbuktu da jikokinsu. Su Sunni Ali ya tarwatsa, su kuma gidan Askiya ya ba zinariya da gonaki da alƙalanci. Ni dai ina ganin shaida ce ta wanda ya ci ladan kuturu. Askiya Muhammadu ba ɗan sarauta ba ne, sarkin yaƙi ne da ya kayar da ɗan ubangidansa, Sunni Baru, ya haye gadon. Irin wannan mutum yana bukatar masu wanke shi. Ku gamsar da ni cewa ba wankin ya saya ba.

Malam Na-Zaure:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambayarka tana kan hanya, sai dai ka yi gaggawar yanke hukunci. Abdurrahman Sa'adi, mai Tarikhus Sudan, wanda ya fi kowa zafi a kan Sunni Ali, an haife shi a 1594, bayan daular ta riga ta faɗi da shekara 3. Bai taɓa karɓar ko wuri ɗaya daga hannun wani Askiya mai iko ba. Hasali ma aikin magatakarda ya yi wa gwamnatin mutanen Maroko da suka rushe gidan. Ladan wa ya ci?

Sannan abin da Sunni Ali ya yi ba ƙage ba ne. Da ya shiga Timbuktu a farkon 1469, manyan malaman masallacin Sankore suka hau raƙuma suka gudu Walata, wani gari a cikin hamada, har da manya masu gemu da ba su taɓa hawan raƙumi ba. Waɗanda suka rage an wulaƙanta wasu, an kashe wasu. Mutum ba ya barin gidansa da ɗalibansa ya ratsa hamada don an yi masa kallon banza. Askiya kuwa ya mayar musu da martaba, ya naɗa Mahmudu ɗan Umaru na gidan Aƙit alƙalin garin wajen 1498, ya riƙa aika wa malamai tambaya yana neman fatawa. Idan yaba wa wanda ya yi maka haka sayen baki ne, to ba a san godiya ba ke nan a duniya.

Bakatsine:
Allah ya gafarta Malam, Sa'adi bai ci da hannunsa ba, amma a gidan da aka ci aka haife shi, a wurin waɗanda suka ci ya yi karatu. Kuma shi kansa, bayan duk zagin, ya kawo cewa Sunni Ali yakan ce ba don malamai ba da duniya ba ta yi daɗi ba, yana kuma yi wa wasunsu kyauta. Ashe ba duk malamai ya tsana ba, wani ɓangare ne da yake zargin suna tare da Buzayen da ya ƙwace garin daga hannunsu. Rigimar siyasa ce aka sa mata rawani.

Jikan Kanta:
Jama'a ku bi Bakatsine a hankali, tsohon haushi ne. Shi Sa'adin ai ya rubuta cewa Askiya ya kai wa Katsina yaƙi wajen 1514. Shekara 500 ba su huce ba.

Bakatsine:
Kai kuma da bakinka? Ku ne fa kuka bi shi Agadas.

Jikan Kanta:
Mun bi shi, da aka zo rabon ganima aka so a yi mana wayo, Kanta ya juya kan dokinsa, Kabi ta tsaya da ƙafarta. Sun aiko runduna ba su ci mu ba. Da Askiya ya buɗe wa mayaƙa hannu yadda ya buɗe wa masu alƙalami, da wataƙila bai rasa Kabi ba.

Shugaban Zaure:
A koma kan magana don Allah. Wasan Kabawa da Katsinawa a kai shi wani wuri.

Mai Gafaka:
Ni ba masanin tarihi ba ne, littattafan addini nake sayarwa, kuma na tashi a gidan da ake rubuta Alƙur'ani da hannu. Ina so a fahimci abin da ake nufi in an ce sarki ya ɗauki masu kwafar littafi, don yanzu mun saba da injin buga takarda, abin ya zama kamar wasa.

Marubuci zai zauna ya fere alƙalaminsa na kara, ya haɗa tawada, ya ja layi, ya rubuta baƙi zalla. Bayan nan a dawo a bi da wasali da jar tawada, a sake dawowa a duba kuskure harafi bayan harafi da wani kwafin a gefe. Alƙur'ani guda, watanni yake ci, idon mutum da bayansa su ne ke biya. Takardun ba a ɗinke su, warwara ake barin su, a sa tsakanin bango biyu, a ɗaure, a zura a gafaka. Mu yanzu takarda tana kasuwa. Su kuwa a Timbuktu kowace warƙa sai ta hau raƙumi ta ƙetare Sahara kafin ta iso.

To littafin tarihin nan Tarikhul Fattash ya ce Askiya Dawuda, wanda ya yi mulki daga 1549 zuwa wajen 1582, shi ne farkon wanda ya kafa taskokin littattafai a gidansu, yana da marubuta da ke kwafa masa, kuma yakan ɗauki kwafi ya ba malami kyauta. Har akwai labarin ƙamus ɗin Larabci da aka kawo sayarwa Timbuktu a kan miskali 80 na zinariya, wani malami, Alfa Mahmudu Kati, ya nuna yana so, Dawuda ya biya. Miskali ɗaya kusan giram 4 da kwata ne. Ku lissafa, wajen giram 340 na zinariya a kan littafi guda. Duk wanda ke da 'yar'uwa mai sayen sarƙa a cikinku ya tambaye ta kuɗin giram ɗaya a yau.

Ni abin da nake cewa, ko da wace niyya ya biya, littafin ya shigo gari, ɗalibai sun kwafa daga gare shi, wasu sun kwafa daga nasu. Niyya tsakaninsa da Allah.

Uwar Biyu:
Mai Gafaka, sannu da bayani, na ƙaru. Amma ka tsaya a tsakiyar labarin. A wannan zaman da Alfa Kati ya samu kuɗin ƙamus, ba ƙamus kaɗai ya roƙa ba. Ya kawo kukan aurar da 'ya'yansa, aka ba shi kaya, aka ba shi gona, kuma gonar da bayin da ke noma ta aka haɗa masa. Wannan littafin dai shi ya ba da labarin gandayen shinkafa na sarki a bakin kogin Kwara, waɗanda bayi ke nomawa ana loda amfanin a jiragen ruwa zuwa Gao, babban birnin daular. Wato lokacin da malam ya samu ya zauna a inuwa yana duba ma'anar kalma, wani ne a cikin taɓo ya biya shi. Kullum in ana yabon karamcin sarakuna sai in ga ana ƙirga abin da ya fita daga hannunsu, ba a tambayar daga ina ya shigo.

Malam Na-Zaure:
Hajiya, ba na musun wannan. Zamanin ne haka, daga Masar har Maroko har ƙasashen Turawa. Amma ki lura, daga cikin gidan malaman nan ne aka samu wanda ya yi magana. Ahmad Baba, ɗan gidan Aƙit, da aka aiko masa tambaya daga Tuwat, wani yanki a Sahara, kan bayin da ake kaiwa arewa, ya rubuta amsa a 1615 cewa launin fata ba ya halatta bautar da kowa, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai a cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Karatun da aka raina da dukiyar nan shi ne ya haifi wannan fatawar.

Uwar Biyu:
Allah ya gafarta Malam, ya kare Musulmi ne. Wanda ba Musulmi ba ya bar shi inda ya same shi, har da jerin ƙabilun da ya ce ana iya kamawa. Na yarda ya fi na zamaninsa da yawa, amma kar mu ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Ɗalibar Tarihi:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Tunda an fara jingina da Tarikhul Fattash, akwai abin da ya kamata a sani game da shi, kuma zai yi wa Yaya Bakatsine daɗi.

Littafin da Houdas da Delafosse suka buga a Faransa a 1913 da sunan Mahmudu Kati, littafi biyu ne aka cakuɗa. Nehemia Levtzion ya nuna haka tun 1971, Mauro Nobili kuma ya faɗaɗa binciken a littafinsa na 2020. Asalin tarihin wani jikan Kati ne ta wajen uwa, Ibnul Mukhtar, ya rubuta shi a ƙarni na 17. Sai a ƙarni na 19 wani babban malamin daular Hamdallahi ta Masina, a ƙasar Mali ta yau, Nuhu ɗan Ɗahiru, ya ɗauki wannan tarihin ya yi masa ƙari. A cikin ƙarin ne aka sa Imam Suyuɗi yana gaya wa Askiya Muhammadu cewa shi ne halifa na 11, kuma na 12 zai fito daga Masina, sunansa Ahmadu. Wane ne Ahmadun Masina? Shehu Ahmadu Lobbo, wanda ya kafa daular a 1818, ubangidan shi mai ƙarin. Aka yi kwafe-kwafe aka rarraba.

Don haka duk wanda ya turo muku saƙon nan da ke yawo cewa Suyuɗi ya yi wa Askiya bushara da halifanci, ku san inda ta fito. Haɗuwarsu a Alƙahira lokacin hajjin Askiya tana nan a Tarikhus Sudan, wannan ba a jayayya a kai. Busharar ce ƙari.

Labarin Dawuda da taskar littattafai da ƙamus yana cikin tsohon ɓangaren. Sai dai ku tuna wa ke bayarwa: jikan wanda aka saya wa ƙamus ɗin.

Bakatsine:
Madalla da ƙanwata. Ga shi nan ƙarara: an ga malami ya gyara tarihi don sarkinsa a ƙarni na 19. Me zai hana a ce an yi irinsa a na 16?

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, kar ka yi saurin murna, ban gama ba. Abin da ke hana ni bin ka har ƙarshe shi ne irin labaran da su malaman suka adana. Wanda aka saya ba ya rubuta ranar da ya kunyata mai sayensa, ko ranar da mai sayen ya kunyata kansa.

Ga guda. An ce Askiya Muhammadu ya tura manzanni Timbuktu da umarni, Alƙali Mahmudu ya sa aka kore su. Askiya ya zo da kansa yana tuhumarsa, yana lissafa masa sarakunan da suka mallaki garin kafin shi, na Mali da na Buzaye da Sunni Ali, yana tambaya ko akwai alƙalin da ya taɓa hana su abin da suke so. Alƙali ya ce babu. Sannan ya tuna masa ranar da ya zo gidansa ya kama tufarsa ya roƙe shi ya shiga tsakaninsa da wuta. Ya ce abin da ya sa ya kori manzannin ke nan. Askiya ya amsa cewa ya manta ne, ya kuma gode masa.

Ga na biyu, kuma wannan Ahmad Baba ne ya kawo shi. Shehu Magili, babban malamin nan da ya zo daga arewa, yana Gao aka zo masa da labarin an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke garin, aka kama su. Alƙali Mahmudu ya ce waɗannan ba su da laifin komai, sai aka sake su. Ku duba, baƙon sarki ne mai alfarma a gefe guda, alƙali ya ce a'a, kuma maganarsa ta zauna.

Na uku a zamanin Dawuda ne. Saɓani ya shiga tsakaninsa da Alƙali Aƙibu ɗan Mahmudu, wanda ya sake gina manyan masallatan Timbuktu. Sarki ya taka har ƙofar gidan alƙali don a sasanta, aka bar shi tsaye a waje tsawon lokaci kafin a buɗe masa. Wannan sarki ne da fadawa ke zuba ƙasa a ka in za su gaishe shi.

Malam Na-Zaure:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki ƙara da cewa shi Dawudan mahaddacin Alƙur'ani ne, ya kuma karance Risala a gaban malami yana kan gadon mulki. Wanda ya durƙusa ya ɗauki karatu ya san abin da yake saye in ya sayi littafi.

Bakatsine:
Na ji. Amma ku lura duk labaran nan uku gida ɗaya suke ɗaukakawa: Aƙit. Mahmudu ya riƙe alƙalanci shekara 50 har rasuwarsa a 1548, 'ya'yansa uku suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, Muhammadu da Aƙibu da Umaru. Kusan ƙarni guda kujera ba ta bar gidan ba. Labarin da ke nuna sarki yana tsaye a ƙofar kakanka ai ba cin fuskar sarki ba ne kawai, tallar gidanku ce. Sarki ma bai yi asara ba, ya fito a mai tawali'u. Kowa ya samu.

Ɗan Dosso:
Ina ta bin ku tun ɗazu daga nan Nijar. Ku duka, masu yabo da masu suka, cikin littafin Larabci kuke iyo. An ce sarki ya riƙi adabi. Wane adabi? Abin da aka kwafa da kuɗinsa fiƙihu ne da nahawu da lugga da hadisi da tafsiri, duka da Larabci, harshen da shi kansa manomin Gao ba ya ji. Adabin mutanen ƙasar yana bakin maroƙan fada, waɗanda mu a ƙasar Zabarmawa muke kira jasare. Su ma sarki na ciyar da su, tarihin ma ya ambaci shugabansu a fada, amma ba wanda ya ba marubuci takarda ya ce zauna ka rubuta abin da suke faɗa.

Kuma nasu Askiyan daban ne. A bakinsu sunansa Mamar Kassaye, ɗan Kassaye 'yar'uwar Si, wato Sunni Ali. An gaya wa Si cewa ɗan 'yar'uwarsa zai kashe shi, sai ya riƙa kashe duk ɗan da ta haifa. Uban Mamar aljani ne mai gari a ƙarƙashin kogi. Aka ɓoye jaririn ta hanyar musanya shi da 'yar wata baiwa, ya girma a gidan kawunsa ana ɗaukarsa bawa, ranar Idi uban ya ba shi farin doki da makami, ya je filin salla ya kashe Si. Wani Ba'amurke, Thomas Hale, ya ɗauki wannan a faifai daga bakin jasare Nuhu Maliyo a Saga kusa da Yamai, a 1980 da 1981.

Ku duba abin da jasare ya yi. Malamai sun halatta mulkin Askiya ta hanyar fitar da Sunni Ali daga Musulunci. Jasare ya halatta shi ta hanyar shigar da Askiya cikin jinin Sunni Ali. Kowa da irin wankinsa. Na jasare kuma ya yi shekara kusan 500 ba taska ba gafaka.

Uwar Biyu:
Ɗan Dosso, wannan ita ce magana mafi daɗi da na ji yau. Kuma a labarin jasare ne kaɗai na ji an ambaci sunan mace.

Malam Na-Zaure:
Tatsuniya ce dai, Hajiya. Sunni Ali ya rasu a 1492 a hanyar dawowa daga yaƙi, ba a filin Idi ba. Amma maganar fitar da shi daga Musulunci, tunda an taɓo ta, bari in faɗi yadda take, don ta shafe mu nan.

Askiya ya rubuta wa Shehu Magili tambayoyi 7. Shehun nan shi ne wanda ya zauna Kano a zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan wajiban sarakuna, inda yake ta maimaita cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. A cikin tambayoyin akwai hukuncin Sunni Ali da dukiyar da ya bari, Magili kuma ya hukunta shi bisa siffar da aka ba shi. Na yarda, mai tambaya ne ya kawo siffar. Amma ku karanta tambaya ta farko. Askiya kuka yake da malaman ƙasarsa, yana cewa akwai waɗanda ba su fahimtar Larabci sai kaɗan, ga su da littattafai da hikayoyi, suna yi wa mutane hukunci. Yana tambaya ko ya halatta ya bi su. Magili ya yi masa dogon bayani kan malaman banza masu cin dukiyar mutane da ƙarya. Mai neman 'yan amshi ba ya fara da tambayar yadda zai gane malamin ƙarya.

Waɗannan amsoshin ba su mutu a Gao ba. Bayan shekara 300 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauko su ya kafa hujja da su a rubuce-rubucensa kan sarakunan Hausa. Takardar da aka rubuta don sarki ta zama makami a kan sarakuna.

Bakatsine:
Allah ya gafarta Malam, ita tambayar farkon ma ana iya karanta ta ta wata fuska: sabon sarki yana neman izinin ture malaman tsohuwar gwamnati. Kuma zinariya miskali 300,000 da ya tafi da ita hajji a 1496, wadda ya yi sadakar 100,000 daga ciki a Makka da Madina har ya sayi wurin saukar alhazan ƙasashenmu, Sa'adi da kansa ya ce daga ajiyar Sunni Ali ta fito. Da dukiyar wanda aka kafirta aka sayi sunan Alhaji.

Jikan Kanta:
Kai Bakatsine, ko lahira aka kai ka sai ka nemi a nuna maka rasit.

Ɗalibar Tarihi:
Akwai wani abu da nake ganin duk mun tsallake, kuma shi ne ya sa alƙali ke iya rufe wa sarki ƙofa. Muna magana kamar sarki ne ke ɗauke da karatun Timbuktu. Ba shi ba ne. Fadar tana Gao, tafiyar kwanaki. Sankore kuma ba jami'a ba ce mai shugaba da albashi da rajista, kamar yadda ake zana ta a intanet har da ƙirga ɗalibai 25,000. Karatu ne a gidajen malamai da harabar masallaci, ɗalibi ya sauke littafi a gaban malami ya karɓi ijaza, ya wuce wurin wani. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san tsarin.

Fattash ya ce akwai makarantun allo tsakanin 150 da 180 a garin. Ya kawo shaidar wani da ya ziyarci makarantar wani malami, Ali Takariya, ranar Laraba bayan azahar. Yara na zuwa da wuri 5, wasu 10, har aka tara wuri 1,725 a gaban malam a ranar. Mai ba da labarin ya ƙirga alluna 123 a tsakar gidan. Kuɗin Laraba ke nan, irin wanda iyayenmu suka ba mu mu kai. Ku ninka wannan a makarantu 150, kowane mako, shekara da shekaru.

A sama kuma akwai fatake. Hasan Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya zo garin a farkon ƙarni na 16. Ya rubuta cewa sarki na biyan alƙalai da malamai da yawa, amma a wuri guda ya ce littattafan da ake kawowa daga arewa sun fi kowace haja riba. Haja ba ta riba da mai saye ɗaya. Gidajen malaman kansu gidajen kasuwanci ne, suna da dangi a Walata da Tuwat. Ahmad Baba ya ba da labarin malaminsa Muhammadu Bagayogo, wanda ɗalibi zai zo ƙofarsa neman aron littafi mai tsada ya miƙa masa ba tare da ya san ko wane ne ba, wani lokaci littafin bai dawo ba. Wannan ba taskar sarki ba ce.

Mai Gafaka:
Wallahi har yau haka ne. Mu a shago wanda ke riƙe da mu shi ne almajirin da ke zuwa sayen Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ba mai kuɗin da ke zuwa sau ɗaya a shekara ya kwashi manyan mujalladai don ado a falo ba. Amma fa in babu mai kuɗin, babban littafin ba ya shigowa gari sam. Ƙamus na miskali 80, kuɗin Laraba ba ya sayensa.

Malam Na-Zaure:
To ai ga amsar a abin da ya biyo baya. A watan Maris na 1591 rundunar Sarkin Maroko Ahmad Mansur, ƙarƙashin Judar Basha, da bindigogi, ta karya Askiya Ishaƙa na biyu a Tondibi. Cikin 1593 aka kama malaman gidan Aƙit, aka wawashe gidajensu, a 1594 aka tasa ƙeyarsu cikin mari zuwa Marakesh, har da Alƙali Umaru da tsufansa, can ya rasu. Ahmad Baba ya faɗo daga raƙumi a hanya ya karye a ƙafa. Ya ce an kwashe masa littafi 1,600, kuma nasa ne mafi ƙaranci a danginsa. Fatake suna nan, iyayen yara suna nan da wurinsu na Laraba, amma da inuwar Askiya ta gushe wa ya tare musu? Karamcin sarki ba kyautar hannu kaɗai ba ce. Shekara 100 ba wanda ya shiga gidan malami da takobi, wannan ma kyauta ce.

Bakatsine:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam. Sai dai shi Ahmad Baban, tun daular na tsaye, a 1588, ya rubuta risala guda sukutum yana gargaɗin malamai su nisanci azzaluman masu mulki. Yana ɗan shekara 32, ɗan gidan alƙalai, a cikin inuwar da ake yabo. Da wa yake? Rundunar Maroko ba ta iso Timbuktu ba a lokacin.

Ɗan Dosso:
A shekarar ne 'ya'yan Dawuda suka kaure da yaƙi a kan gado, mutanen Timbuktu kuma suka goyi bayan wanda aka kayar, Balama Sadiƙu. Ka ga akwai waɗanda zai yi da su.

Uwar Biyu:
Shi kansa Askiya Muhammadun ai 'ya'yansa ba su bar shi ya mutu a kan gado ba. Ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi wajen 1528, wanda ya biyo baya ya kai shi wani tsibiri a kogi ya ajiye, sai da Isma'ila ya hau ya dawo da shi Gao, ya rasu a 1538. Ina malaman da ya yi wa hidima a waɗannan shekarun? Tambaya nake, Malam, ba gatse ba.

Malam Na-Zaure:
Alƙali Mahmudu ya shiga tsakani, Hajiya. Ya nemi Musa ya yi wa 'yan'uwansa afuwa, kuma da suka haɗu ya juya masa baya ya ƙi kallonsa, don ya saɓa wa mahaifinsa. Musa bai ji ba, ya ci gaba da kisa. Malami iyakarsa ke nan, ba shi da runduna.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Bakatsine, kafin ka sake cewa komai, Tarikhus Sudan ɗin da kake ta kafa hujja da shi kana kuma tuhumarsa, Turawa a Gwandu suka fara ganinsa. Heinrich Barth ya samu aron kwafi a can a 1853, ya zauna ya kwashi abin da ya iya, har ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa. Wani ne ya biya marubuci ya kwafe shi kafin ya iso Gwandu, shekara 200 bayan Sa'adi, kuma a lokacin babu Askiyan da zai saka masa.

Jikan Kanta:
Gwandu kuma a jihar wa take? A rubuta wannan ma.

Bakatsine:
An rubuta. Malam, gobe in Allah ya kai mu ina so mu ɗauko wasiƙar da Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim, don a can ma ina da magana.